Darasi: Yadda Ake Kashe Gawayi Bayan An Gama Gashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:



Duk wanda ya bi titin Sakkwato bayan sallar magariba, tun daga Kwangila har ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, zai ga wuta jere a bakin hanya. Ga mai tsire a gaban tukubarsa, ga mai balangu, ga mai gasa kaza, in kuma lokacin sabuwar masara ne ga mata da 'yan mata da kurfotinsu suna fifita. Haka abin yake a Sabon Gari, a kewayen kasuwa da wajen PZ da tashoshin mota. A cikin gidajenmu ma gawayi ya dawo da ƙarfinsa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da daɗewa, kuma daga shekarar 2023 da aka cire tallafin man fetur tsadar rayuwa ta sa gidaje da dama sun jingine tukunyar gas sun koma kurfoti. To, kunna gawayi kowane yaro ya iya. Abin da ba a koya wa yaro shi ne yadda ake kashe shi, kuma a nan ne ɓarna take fitowa. Shi ya sa na zaɓi wannan ya zama darasinmu na wannan fitowa.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar

A wata Babbar Sallah da ta wuce, mun yi layya a gida, aka babbake kai da ƙafafu, aka gasa abin da za a gasa har bayan la'asar. Da aka gama sai aka ce wa wani yaro ya kwashe tokar. Ya duba, ya ga ta yi fari fat, ba ja ba hayaƙi, sai ya zuba ta a kwali ya kai bayan gida ya ajiye jikin dangar kara. Ni ina zaure tare da baƙi, ban sani ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare sai ƙauri ya tashe ni. Ko da na fita, gindin kwalin ya cinye, wuta ta fara lasar danga, kuma bayan dangar nan akwai rumfar awakin maƙwabcina. Bokiti uku na ruwa suka kashe ta, Alhamdu lillahi. Ban daki yaron ba, don laifin ba nasa ba ne. Nawa ne, ni da nake karantar da 'ya'yan mutane hukuncin tsarki da salla amma ban taɓa zaunar da na gidana na nuna musu yadda ake yi da toka ba.

Abin da ya zo a hadisi da fiƙihu

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (R.A.) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Da aka ba Manzon Allah (S.A.W.) labari, sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce gare mu, ya kuma yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. Irin wannan hani ya zo daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.), cewa kada a bar wuta a cikin gida lokacin barci. A hadisin Jabir (R.A.) kuma an faɗi dalili a fili: ɓera yana iya jan lagwanin fitila ya ƙone gida da mutanen cikinsa.

Imamun Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya yi bayanin cewa umarnin ya game wutar fitila da kowace irin wuta, kuma illar hukuncin ita ce tsoron gobara. Ka ga ke nan garwashin kurfoti da na kaskon turare da na dutsen guga duk sun shiga ciki, ko da ba a ambace su da suna ba.

Ga manyan ɗalibai masu karatun Muhtasar na Shehu Halil, za ku tarar a can an kawo cewa wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi, wutar ta tsallaka ta yi wa wani ɓarna, to lamuni yana kansa. Wato da a ce rumfar maƙwabcina ta kama a daren nan, ba zan tsaya in ce "ƙaddara ce" in shige ɗaki ba. Ƙaddara ce, na'am, amma biyan awaki yana wuyana.

Me ya sa toka take yaudara?

Ku saurara da kyau, don in kun fahimci wannan sauran darasin mai sauƙi ne.

Wuta ba ta rayuwa sai abu uku sun haɗu: abin da za ta ci, da iska, da zafi. In ka raba ta da ɗaya daga cikin ukun nan ta mutu. Ruwa yana ɗauke zafi. Murfi yana toshe iska. Rarraba garwashi yana rage zafin da suke ba junansu, shi ya sa garwashi ɗaya tilo yake saurin mutuwa, amma tsibi yake daɗewa.

Shi gawayi itace ne da aka ƙona a rufe, ba tare da isasshiyar iska ba, har ruwan jikinsa da abubuwan da suke kawo hayaƙi suka fita. Abin da ya rage yana ci ne a hankali, ba harshe ba hayaniya, amma zafinsa yana haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Yayin da yake ci, sai toka ta lulluɓe shi. Tokar nan kamar bargo take: tana hana zafi fita, tana kuma barin 'yar iska kaɗan ta shiga, daidai wadda za ta riƙe ran wutar. Saboda haka garwashin da yake kwance cikin toka yana iya kwana da ransa, wani ma ya kai kwana biyu. Kamfanonin da suke sayar da gawayin gashi a Turai da Amurka sukan ce a bar toka awa 48 kafin a zubar da ita.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Kafin ashana ta yawaita, da gangan ake binne garwashi a cikin tokar murhu da dare, da asuba a tone a hura. Wanda tasa ta mutu sai ya aiki yaro maƙwabta ɗibar wuta a kasko. To abin da yake amfani ga tsohuwa mai son dama koko da asuba, shi ne yake zama masifa in an juye shi a juji inda akwai leda da takarda da busasshiyar ciyawa. Balle a hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da komai na Zariya ya bushe ƙarau, iska kuma tana tashi cikin dare ta yaye tokar ta hura abin da ke ƙasa.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. Babbar gobarar birnin Landan ta shekarar 1666 daga gidan wani mai gasa burodi ta tashi cikin dare, ranar 2 ga Satumba. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje sama da 13,000. Shi kuwa mai burodin ya dage cewa ya kashe wutarsa kafin ya kwanta. A nan kusa kuma, a watan Fabrairun 2025, gobarar dare ta halaka almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara. Allah ya jiƙansu. Na ambace su ne don ku san abin da wuta take yi in ta samu yara suna barci.

Hanyar kashewa

Hanyar da na fi so, kuma ita nake yi yanzu a gidana, ita ce toshe iska. Ka nemi tsohuwar tukunyar ƙarfe ko babban gwangwani mai murfi da yake rufuwa ruf. In an gama gashi, ka sa awartaki ko ƙaramin shebur ka kwashe garwashin ka zuba ciki, ka rufe, ka ajiye a tsakar gida a kan ƙasa ko siminti, nesa da danga da tabarma da buhun hatsi da jarkar fetur ta janareta. Iskar ciki za ta ƙare, wutar ta shaƙe ta mutu. Fa'idar wannan hanya biyu ce. Ba tururi ba fallatsi, sa'annan gawayin yana nan a bushe, gobe sai ka ƙara shi a kan sabo. A wannan zamani da ake sayen gawayi a ƙulle cikin leda, wannan ba ƙaramin tattali ba ne. Sai dai a kula, jikin tukunyar zai yi zafi ƙwarai na tsawon lokaci. Kada a ɗora ta a kan benci ko leda, kada kuma a ajiye ta a hanyar da yaro zai bi zuwa bayan gida cikin duhu.

Hanya ta biyu ita ce ruwa, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Sai ka ga an ɗauko bokiti an sheƙa wa kurfoti gaba ɗaya, fuuu! Ku sani, ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700. Wannan tururi yana tashi lokaci guda, ya kwaso toka mai zafi ya watsa wa mutum a fuska da ido, kuma ƙunar tururi ba ta da sauƙi ko kaɗan. In kasko ne na yumɓu yana iya tsagewa nan take. In na ƙarfe ne, ruwan toka yana cin sa, bayan 'yan watanni ka ga gindin ya huje. Iyayenmu mata sun san kaifin ruwan toka, tun da da shi ake yin sabulun gargajiya.

Daidai shi ne a kai garwashi wurin ruwa, ba a kai ruwa wurin garwashi ba. Ka cika bokitin ƙarfe da ruwa zuwa rabi, ka riƙa ɗaukar garwashin ɗaya bayan ɗaya da awartaki kana tsomawa, fuskarka a gefe. In ba ka da awartaki, to ka baza garwashin tukuna, ka tsaya ta inda iska take bugun bayanka, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kamar mai yayyafi kafin shara, kana juyawa da ƙarfe, har ƙarar "cuu" ta ɗauke gaba ɗaya. Manyan gutsattsari ka fasa su, don sau da yawa bayansu ya jiƙe amma cikinsu ja ne. Gawayin da aka tsoma a ruwa bai lalace ba. A shanya shi a rana ya bushe, zai kama.

Akwai wuri ɗaya da ba a kusantar da ruwa sam: in kitse ko mai ne ya kama da wuta. Wannan yana faruwa da Sallah, lokacin da ake suyar nama a babban kasko, ko kitsen rago ya ɗiga da yawa a kan garwashi. Ruwa in ya faɗa cikin mai mai zafi sai ya yi tsalle da wutar ya watsa ta ko'ina. A rufe da faifan ƙarfe ko babban murfi, ko a zuba yashi.

Sai maganar yashi da ƙasa. Mutane da yawa suna tura ƙasa a kan garwashi su tafi, suna ganin an gama. Ƙasa tana kashe harshen wuta, gaskiya ne, amma ita ma bargo ce kamar toka. Zafin yana nan a ƙasa na awoyi masu yawa, kuma yanzu ya fi haɗari don ba a ganin sa. Yaro mai rarrafe ko mai tafiya ba takalmi shi yake takawa. Ni a wurina binne garwashi ba kashewa ba ne, ɓoyewa ne. In dole ta sa ka yi, to ka cakuɗa ƙasar da garwashin sosai, ka yayyafa ruwa a kai, ka kifa wani tsohon kwano a wurin don a san akwai abu.

Ta yaya za ka tabbatar ta mutu? Ba da ido ba. Ka tona tokar da ƙarfe har ƙasa, sa'annan ka kawo bayan hannunka kusa, ba tare da ka taɓa ba. In ka ji ɗumi, da sauran aiki. Wani mai tsire da na daɗe ina sayen nama a wurinsa ya ce mini shi ba ya barin tukubarsa sai ya kashe fitila ya duba cikin duhu, don jan da ba ya ganuwa a haske a duhu yake tona kansa. Na ga hikimar wannan, na ɗauka.

Tokar da ta huce ba shara ba ce. Ana zuba ta a gindin shuka kaɗan-kaɗan, ana wanke tukunya da ita. In kuwa zubarwa za a yi, sai ta kwana biyu a cikin ƙarfe, ko a jiƙa ta sharkaf. Kada a zuba ta a kwali, ko buhu, ko bokitin roba, ko a kai juji da ɗuminta.

Tanbihi a kan abin da ba a gani

Yanzu zan faɗi abin da ya fi gobara saurin kisa, kuma na roƙi iyaye mata su karanta wannan wuri sau biyu.

Idan an gama gashi a lokacin sanyi, sai zuciya ta ce: ga garwashi mai kyau, ba hayaƙi, me zai hana a shigar da shi ɗaki a ji ɗumi? A damina ma haka, in ruwa ya sauko ana tsakiyar gashi sai a ja kurfoti zuwa cikin ɗaki ko zaure a rufe ƙofa. A shekarun 2024 da 2025 Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, ruwa ya riga ya sauka, kun ga dalilin da ya sa nake faɗa.

Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda masana suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Ita ce dai wadda take fita daga janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda a ɗaki. Garwashin da yake ci a hankali a wurin da iska ba ta wadata ba, shi ya fi fitar da ita. In mutum ya shaƙe ta, tana kama jininsa fiye da yadda iskar numfashi take kamawa, sama da ninki 200, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya da kasala, har mutum ya ji ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Wanda yake barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jarirai da masu ciki da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa, ga shi kuma ɗakin mai jego ne aka fi kai wa garwashi.

Alamar da za ku riƙe ita ce: in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai da jiri a lokaci guda, kuma akwai garwashi a ɗakin, kada a tsaya neman maganin zazzaɓi, kada a ce iska ce ko maita. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a fitar da kaskon, a nufi asibiti ko da an ga sun farfaɗo. Kaskon turaren wuta ma, in an gama turara ɗaki a fito da shi. Kada a tura shi ƙarƙashin gado.

In an ƙone

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya taka garwashi ko tururi ya buge shi, maganin farko ruwa ne mai sanyi, na famfo ko na randa, a riƙa kwarara shi a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Sa'annan a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Na san abin da aka saba: man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, wani har bakin mai na inji. Don Allah a bari. Ba sa cire zafin da ya shiga nama, suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya ga ciwon, yaro ya sha azaba sau biyu. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, to ba ta gida ba ce. Mu nan Allah ya taimake mu, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, ba nisa daga Samaru.

In kuwa tufar mutum ce ta kama, kada ya ruga, gudu hura wuta yake yi. Ya kwanta ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. In wuta ta fi ƙarfin bokiti, a fara fitar da mutane kafin kaya, a yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Aikin gida

'Yan aji huɗu zuwa shida, ga abin da nake so ku yi kafin ranar Asabar. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko yayarsa inda ake zuba tokar gidansu, ya je ya duba wurin da idonsa, ya rubuto mini abin da yake kusa da shi: kara ne, ko leda, ko itace, ko fili ne. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, wanda ya fi sakewa da boko ya rubuta da boko. Sa'annan ku nemo hadisin Abu Musa da na ambata a cikin Riyadus Salihin, yana can wajen ƙarshen littafi a cikin babukan hani, ku haddace shi da Larabcinsa. 'Yan ƙananan aji kuma ba ruwanku da awartaki ko shebur. Naku shi ne in kun ga an bar garwashi a fili ko an shiga da shi ɗakin kwana, ku je ku gaya wa babba cikin ladabi, ku ce Malam ne ya aiko ku.